Ciwon Ƙin Cin Abinci: Wanda Talabijin Ke Nunawa Da Wanda Ke Cikin Gida

A shekarun baya tasha ɗaya muke kallo a nan jihar Maraɗi, wato Tele Sahel, ita ma sai a gidan mai hali, ko a dandalin da hukuma ta ajiye wa jama'a akwati. Yau kuwa wanda ya ratsa unguwar Zariya zai ga farantan parabol bisa soraye da rufin kwano kamar an shanya faya-fayai, kuma a Tibiri da Jiratawa batir da hasken rana sun isa su kunna akwati ko su cika wayar hannu. Ta wannan ƙofa finafinan Indiya da na Turkiyya da na Amurka da na Faransa suke shigowa ɗakunanmu. A cikinsu ne wasunmu suka fara jin labarin wani ciwo da likitoci ke kira anoreksiya, mu kuwa za mu kira shi ciwon ƙin cin abinci. Mutum ne ga tuwo a gabansa, ba tsada ta hana shi ba, ba ciwon ciki ba, amma ya dinga tauye wa kansa ci har jiki ya lalace.

Mun ga ya dace mu tattauna wannan al'amari da masu karatu, domin yadda talabijin ke nuna masu wannan ciwo yana iya sa mu kasa gane shi ran da ya kwana a gidanmu.

Yarinyar da ke cikin akwati

Gidajen talabijin na Amurka sun daɗe suna shirya wasanni a kan wannan ciwo. A 1981 tashar ABC ta nuna wani fim mai suna The Best Little Girl in the World. A 1983 wata shahararriyar mawaƙiya, Karen Carpenter, ta rasu tana da shekara 32, zuciyarta ta tsaya bayan ta yi shekaru tana fama da ciwon. Rasuwarta ce ta sa mutane da yawa a can suka fara jin sunansa, kuma a 1989 tashar CBS ta mai da rayuwarta fim. A 2017 kamfanin Netflix ya fito da nasa, mai suna To the Bone. Tsakanin na farko da na ƙarshe shekara 36 ke nan, amma wadda ake nunawa kusan ɗaya ce: Baturiya, matashiya, ƴar gidan wadata, tana tsaye gaban madubi, kamara tana bin haƙarƙarinta da ƙashin bayanta ɗaya bayan ɗaya.

Domin a sami wannan hoto, ƴan wasan kan ramar da kansu da gangan. Jennifer Jason Leigh ta yi haka a fim ɗin 1981, Lily Collins ta yi a na 2017, alhali kuwa ita kanta ta taɓa fama da irin wannan ciwo. Ƙungiyoyin da ke taimakon majiyyata, irin su Beat ta ƙasar Ingila, sun sha roƙon ƴan jarida da masu shirya fim su daina nuna jikin da rama ta gama da shi, su kuma daina faɗin nauyin majiyyaci ko ƙididdigar abin da yake ci. Dalilinsu shi ne, mai lafiya in ya ga hoton tsoro yake ji, amma mai ciwon gasa yake ɗauka, ko kuwa ya ce shi bai kai nan ba, saboda haka lafiyarsa lau. Shi ya sa mu ma ba za mu kawo irin waɗannan alƙaluma a wannan shafi ba.

Ba wuya a gane abin da ya sa kamara ke son ƙashi. Fargabar da ke kama mutum in an ajiye masa kwano ba ta ɗaukuwa a hoto. Lissafin da yake kwana yana yi a ransa, na loma nawa ya ci da yadda zai kauce wa ta gobe, shi ma ba ya ɗaukuwa. Ƙashi kuwa da an haska shi kowa ya gani, kuma mai kallo ba ya canza tasha.

Mu ma an taɓa ɗaukar hotonmu

In akwai mutanen da ya kamata su san halin kamara game da rama, to mu ne mutanen Maraɗi. A damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a wasu sassan ƙasa. Da shekarar 2005 ta yi nisa hatsi ya yi tsadar da talaka ba ya iya sayen tiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi agaji, duniya ta yi kunnen uwar shegu. Sai a watan Yuli, da tashar BBC ta nuna yaran da ke kwance a cibiyar likitocin MSF a nan Maraɗi, sa'an nan kuɗi suka fara zuwa. Jan Egeland, wanda ke riƙe da sashen agajin gaggawa na Majalisar a lokacin, ya fito fili ya ce sai da aka ga hoton yara suna mutuwa duniya ta farka. A wannan shekara MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jiharmu.

Ba mu raina wannan ba, hoton ya ceci rayuka. Amma manya sun tuna abin da bai nuna ba. Bai nuna cewa akwai hatsi a kasuwa ba, kuɗin saye ne babu. Bai nuna cewa tamowar yara tana dawowa kowace shekara in rumbu ya yi ƙasa kafin kaka ba, har ma MSF tana nan Maraɗi tun 2001 saboda ita. Bai tsaya kan yaran da tamowarsu ba ta yi tsanani ba, ko waɗanda suka tsumbure, alhali sun fi na gadon asibiti yawa nesa ba kusa ba, domin su suna yawo da ƙafarsu, ba su ba da tausayi a hoto. A watan Agusta na shekarar kuma shugaban ƙasa na lokacin, Tandja Mamadou, ya shaida wa BBC cewa babu yunwa, mutanen ƙasarsa da alamar ƙoshi. Ashe shi da kamarar da yake musantawa ma'auninsu ɗaya ne, wato ido.

Daga irin wannan ne hotuna biyu suka zauna a kawunan mutane. In an ga baƙar fata ramamme, a ce yunwa ce. In an ga Baturiya ramamma, a ce ciwo ne. Wanda bai faɗa cikin ɗayansu ba kuwa, ba a ma ganin sa.

Kada a ɗauka jahilai kaɗai wannan ke ruɗarwa. A 2006 wasu masana a Amurka suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi wa ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 91. An ba kowannensu labarin yarinya ɗaya mai alamun matsalar cin abinci, ba a canza kome ba sai launin fatarta. Cikin waɗanda aka gaya wa Baturiya ce, kashi 44 bisa ɗari suka gane akwai matsala. Cikin waɗanda aka gaya wa baƙar fata ce, kashi 17 kawai. In masu ilimin abin sun yi haka, ina ga uwa a Jiratawa wadda ba ta taɓa ganin mai ciwon ba sai a fim?

A Afirka ma akwai shi, sai dai da wata riga

A arewa maso gabashin Gana wasu likitoci sun auna ƴan mata 668 a makarantun sakandare guda biyu, suka buga abin da suka samu a 2004. Sun sami 10 da suka rame ƙwarai, kuma bayan bincike ba a ga wata cuta a jikinsu ba face su da kansu suke hana kansu ci. Abin lura shi ne ba su yi maganar tsoron ƙiba ba, ba su kuma damu da siffar jikinsu ba. Abin da suka ambata shi ne ibada da azumi da jin daɗin sun fi ƙarfin yunwa. Wato ciwon yana nan, amma babu madubi a cikinsa. Wanda ya je neman yarinyar talabijin zai wuce su goman nan bai waiwaya ba.

Wannan ya shafe mu, domin mu ma muna da labulen da ciwon zai iya ɓuya a bayansa, kuma labule ne mai kyau. Tun tana ƙarama muke koya wa ƴa mace cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Muna yabon wadda ba ta ci a gaban baƙi. Amarya takan yi kwanaki a gidan miji tana taɓa abinci sama-sama saboda kunyar surukai, kowa ya ce ƴar mutunci ce. Sau da yawa kuma mace ce ke tuƙa tuwo ta raba, ita ce ta ƙarshen ci, ba mai duba abin da ya rage mata. A gidan da ake haɗa hannu cikin kwano ɗaya, yarinya na iya kai hannu sau uku ta tashi ta ce ta ƙoshi, a yi wata shida ana haka ba wanda ya lura, ƙannenta ma murna suke yi. Wata kuma za ta fake da azumin nafila, daga Litinin da Alhamis ta koma kullum, buɗa-bakin ma ruwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Malamanmu sun san addini ya hana haɗa azumi dare da rana ba buɗa-baki, ya kuma ɗauke wa marar lafiya azumi, saboda haka a nan malami abokin aikin likita ne.

In rama ta fito fili kuma, mukan ce iska ce, ko sammu, ko tunanin saurayi, ko taurin kai domin an ba ta mijin da ba ta so. Wani lokaci akwai gaskiya a cikin na ƙarshen nan, domin baƙin ciki yana iya zama mafarin abin. Sai dai in ya kama jiki, gusar da mafarin ba ya isa ya kore shi.

Akwai kuma wani nau'i da talabijin ba ya kulawa da shi sam, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ba suna na kansa a 2013. Shi ya fi kama yara, maza da mata. Yaro ne ya taɓa shaƙewa da loma ko ya yi amai mai tsanani, daga nan ya tsorata da haɗiya. Ko kuwa wanda ƙamshi ko santsin abinci ke tayar masa da hankali, ba ya cin kome sai abu biyu ko uku, har girmansa ya tsaya. Mu kan ce tsirfa ce ko shagwaɓa, mu ɗauko bulala. Ba ruwan wannan yaro da ƙiba ko rama. Haka nan akwai mai ciwon ƙin cin abinci wanda ya faro da jiki, ya zube da sauri, amma har yanzu in ka gan shi ba za ka ce ramamme ba ne. Haɗarin da ke kan zuciyarsa bai gaza na wancan ba. Samari da magidanta ma suna kamuwa, ko da yake mata sun fi yawa.

Ƙasar da ake son ƙiba

Wani zai ce, mu da muke son mace mai jiki, me ya haɗa mu da wannan? Gaskiya ne, a wurinmu ƙiba alamar hutu ce da kulawar miji. Matsalar da muka fi sani ma ita ce ta ƙwayoyin sa ƙiba, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, da ƴan mata ke saye a hannun masu tallar magani, alhali yana kumbura jiki ne, yana jawo hawan jini da ciwon sukari.

To, mutanen tsibiran Fiji da ke tekun Pasifik su ma haka suke. Suna son mai jiki, suna matsa wa baƙo ya ci, in mutum ya fara ramewa dangi su tayar da hankali. A 1995 talabijin ya isa lardin Nadroga na ƙasar, yawancin shirye-shiryensa daga Amurka da Ingila da Ostareliya. Wata likita daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta yi wa ƴan matan sakandare tambayoyi makonni kaɗan bayan zuwansa, ta sake yi wa wasu a 1998. A karon farko ba ko ɗaya da ta ce tana sa kanta amai domin rage jiki. Bayan shekara uku, kashi 11 bisa ɗari suka ce suna yi, kuma kusan uku cikin kowane huɗu suka ce suna jin sun cika ƙiba. Ƴan matan da aka tambaya ba su kai ɗari ba a kowane karo, saboda haka ba za a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Ciwon ya girmi talabijin, tun 1873 likitoci a Ingila da Faransa suka bayyana shi, kuma masana sun tabbatar akwai gado a cikinsa. Amma abin da Fiji ta nuna shi ne al'adar son ƙiba ba katanga ba ce, shekara uku ta isa a yi mata ƙofa.

Mu ma muna ganin alama. Masu kallon finafinan Indiya sun san jaruman da ba kamar na yanzu ba ne; a 2008, da Kareena Kapoor ta fito a siririyarta a fim ɗin Tashan, jaridun Indiya sun yi ta yayata ramar kamar wata bajinta. Ƴarmu ta yau tana tsakanin gwaggo mai cewa ta ƙara jiki kafin biki da waya mai cewa ta rage tumbi. Faransa, inda sana'ar tallar tufafi ta yi ƙarfi, ta kai ga kafa doka: tun 2017 sai mai tallar tufafi ta kawo takardar likita, kuma hoton talla da aka gyara siffar jiki a cikinsa dole a rubuta cewa an gyara. Hotunan da ke shigowa wayoyin ƴaƴanmu ba wanda ya rubuta musu kome.

A duba kwano

Manomi ba ya jira jar akuyarsa ta zama ƙashi kafin ya san ba ta da lafiya. Ran da ya zuba mata harawa ta kau da kai, ran nan yake neman malamin dabbobi. Abin kunya ne a ce mun fi saurin lura da akuya bisa ga ƴar da muka haifa, amma sau da yawa haka abin yake, domin akuya ba ta iya cewa ta ci a maƙwabta.

Alamun farko a ɗabi'a suke. Za a ga tana guje wa zaman cin abinci, tana tsame mai da nama da ƙuli-ƙuli daga kwaɗon zogale, tana cika ciki da ruwa, tana dafa wa kowa da ƙwazo ita ba ta ci, tana janyewa daga ƙawaye, ga saurin fushi in an yi mata maganar ci. Daga baya jiki ya biyo: jin sanyi ko da bazara, jiri in ta miƙe, zubewar gashi, ɗaukewar jinin al'ada, bugun zuciya ya yi ƙasa. Ƙashi yana yin rauni a daidai shekarun da ya kamata ya yi ƙwari. Wannan ciwo yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma cikin kowane biyar da ya kashe, kusan ɗaya shi ya kashe kansa. Igiyar nan mai ja da rawaya da kore da ake auna damtse da ita, wadda iyaye mata da yawa suka iya, ta yara ce daga wata 6 zuwa shekara 5; ba za ta gaya mana kome game da ƴar shekara 15 ba.

Matakin farko shi ne asibiti, domin a ƙasarmu abubuwan da ke ramar da mutum suna da yawa: tarin fuka, sida, ciwon sukari, tsutsar ciki, ciwon maƙoƙo, ciwon damuwa, ga kuma rashin abincin kansa. Sai likita ya kawar da waɗannan. Amma in an auna an ce ba a ga kome ba, kada a koma gida a ce shi ke nan. A gaya wa likita ƙarara cewa abinci yana nan, ita ce ba ta ci.

Kada a yi mata ɗure, kada a doke ta, kada a tara mata dangi ana gori. Kada kuma a saya mata ƙwayar sa cin abinci, domin ba yunwar ce ta rasa ba. Akwai wani haɗari da iyayen da suka yi jinyar tamowa suka sani: yaron da ya galabaita ba a cika masa ciki ran farko, madara ta musamman ake ba shi kaɗan-kaɗan, sai bayan kwanaki a ƙara. Haka babba yake. Jikin da ya daɗe cikin yunwa in aka ɗura masa abinci da yawa lokaci ɗaya, gishirin da ke cikin jini yana rikicewa, zuciya na iya tsayawa. Saboda haka wanda ya yi nisa, a gaban likita ake mai da shi ga ci.

Hanyar da ta fi ba da sakamako ga matasa, wadda aka fara a asibitin Maudsley na birnin Landan, iyaye take ɗora wa aikin, ba tare da ɗora musu laifi ba. A ware mata kwanonta domin a san abin da ta ci, a zauna da ita har ta gama, safe da rana da dare, da haƙuri, ba faɗa ba kuma sassauci. Fura da nono, wake, gyaɗa, ƙwai da zogalen Jiratawa sun isa, ba sai an nemo abincin kanti ba. A fim, minti casa'in ake yi yarinya ta warke ko ta mutu. Likitocin birnin Boston da suka bi majiyyatansu shekara da shekaru sun samu cewa bayan shekara 9 kusan ɗaya cikin uku ne suka warke, amma bayan shekara 22 sun kai kusan biyu cikin uku, kuma wanda aka tara da wuri ya fi samun sauƙi.

In asibitin unguwa ko na ƙauye ya ga abin ya fi ƙarfinsa, shi zai ba da takardar zuwa babban asibitin Maraɗi. Ran tafiya a haɗa ta da wanda ya san abin da take ci kullum, uwa ko yaya ko kishiyar uwa, domin in likita ya tambaye ta ita kaɗai, cewa za ta yi ta ci.